Mai a Damagaram, duhu a gidajenmu

Ƴan uwa na Maraɗi, Magarya da Matamai, kun san lissafin. Bazara ta kama, wuta ta ɗauke, sai a ja igiyar gurup, kuɗin cefane su ƙare a jarkar mai.

Ku kiyaye iyalinku. Kada ku tada inji cikin ɗaki, hayaƙinsa na kashe mutum yana barci. Jarka ta yi nesa da murhu. Ku bar inji ya huce kafin ku ƙara mai.

Amma ku tambayi masu mulki: tun 2011 ake tace manmu a Damagaram, don me har yau muke jiran wuta daga Katsina?

Ranar zaɓe, ku tuna daren da yaranku suka kwana cikin gumi. Ku jefa ƙuri'ar canji.