Hazon Hunturu da Masu Ciwon Asma a Damargu

Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan kaɗo daga arewa maso gabas ta lulluɓe Falanko, Tanut da Balbeji da hazo. Hazon nan busasshiyar ƙura ce, kuma kaso mai yawa daga cikinta yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, gurbin wani tsohon tafki da ya ƙafe. Iska kan matse tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi garin ƙasar ta yo yamma da shi.

Haɗarin ƙura yana ga ƙanƙantarta. Wadda faɗinta bai wuce maikromita 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, ana kiran ta PM10, kuma tana wuce hanci ta shiga hanyoyin iska. Wadda ba ta wuce 2.5 ba tana kai wa can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa kada PM10 ta wuce maikrogiram 45 a kowace kubik mita ta iska a yini guda. Tashar awon ƙura ta Banizumbu da ke gabashin Yamai takan nuna ɗaruruwan maikrogiram a ranakun hazo mai kauri.

Hanyoyin iskar mai asma a kumbure suke dama, ko da yana jin lafiya. Idan ƙura da busasshiyar iska mai sanyi suka taɓa su, naman da ke kewaye da su sai ya tsuke, kumburin ya ƙaru, majina ta taru. Daga nan sai tari, sai ƙirji ya riƙa fito, fitar da numfashi ya zama aiki.

Akwai kuma hayaƙin gida. Da asubahin hunturu iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama, don haka hayaƙin itace, karan gero da kashin shanu ba ya tashi. A lokacin ne ake hura wutar girki da ta jin ɗumi, wani sa'in a cikin ɗaki a rufe. Mata da ƙananan yara su suka fi daɗewa a bakin murhu, su suka fi shaƙa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma a duniya, 455,000 suka mutu, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ba a gano ciwon da wuri kuma magani ke wuyar samu. Maganin shaƙa iri biyu ne. Salbutamol yana buɗe hanyar iska cikin mintuna idan ciwo ya tashi. Irin su beclometasone kuwa ana shaƙarsu kullum don kwantar da kumburin. Wanda ke da na farko kawai yana samun sauƙin ranar, kumburin kuma yana nan.

A ƙauyen da ke nesa da asibiti, ciwon da ya tashi da tsakar dare yana iya yin tsanani kafin amalanke ko babur ya kai mara lafiya. Ba a iya tare ƙurar Bodele, amma an san watan zuwanta. Abin da ke hannun hukumomin lafiya da iyalai shi ne maganin shaƙa ya isa ƙananan asibitoci tun Oktoba, a fitar da wuta daga ɗakin kwana, mai asma kuma ya rufe hanci da baki a safiyar hazo.