Man Teku da Dutsen Kano: Ina Rabon Arewa?

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe, cikin watan Nuwamba 2022, tambaya ɗaya ce ke bakin ɗalibi a Wudil da manomi a Ɗankaza: ko ƙasar Kano ma tana da rabo?

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Mai ba ya taruwa sai a kwarin da laka da yashi suka yi ta jibgewa shekaru miliyoyi, suka binne matattun ƙananan halittu, har zafin ƙasa ya dafa su. Haka ta faru inda kogin Kwara ke shiga teku. Kaurin abin da ya jibge a can ya kai kilomita goma a wasu wurare. Can ƙasa akwai laka da masana ke kira shimfiɗar Akata, wadda galibin man ya samo asali daga gare ta. Bisanta akwai yashin Agbada, inda man ke kwanciya, jijiyoyin laka sun tsare shi kada ya tsere. Shimfiɗun nan ba su tsaya a gaɓa ba, sun zarce ƙarƙashin teku. Shi ya sa kamfanin Shell ya fara ɗibar mai a Bonga cikin 2005, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. Agbami ta biyo baya a 2008, Egina a 2018.

To, yawancin ƙasar Kano kan tsohon dutse mai tauri take, irin wanda ya fito fili a Rano. Irinsa ba ya haifar da mai. Sai an nufi arewa maso gabas, wajen Haɗeja, kwarin Cadi ke somawa, amma bai yi kauri ba sai Barno. Can ɗin ma rijiyoyi 23 da kamfanin NNPC ya haƙa kafin a dakata wajen shekara ta 2000 ba su ba da komai ba sai alamar gas a biyu. Duk da haka ba a fid da rai ba, domin a ɓangaren Nijar na wannan kwari, Agadem tana ba da mai tun 2011.

Dokar man fetur ta 2021 ta keɓe kashi 30 cikin ɗari na wani sashen ribar NNPC domin bincike a sababbin kwaruruwa. Kuɗi ne masu yawa, kuma ya kamata binciken masana ya nuna inda za a zuba su, kada a mai da su rabon jiha jiha.

Abin da ya fi kusa da hannun Kano shi ne bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta ta Kaduna, wanda aka ƙaddamar da aikinsa cikin Yuni 2020. Gas ɗin daga kudu zai taso, kuma shi masana'antun Sharaɗa, Calawa da Bompai suka fi bukata.