Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a tsakanin 'yan boko, wato raina duk abin da ba a takarda yake ba. Idan mutum ya tara littattafai a ɗakinsa sai a kira shi malami. Idan kuwa aka iske ya cika kwali da tsofaffin kaset-kaset na finafinan Hausa, yana kakkaɓe su yana jerawa, sai a ce ya rasa aikin yi. Mu a ganinmu, wannan mutumin da ake yi wa dariya shi ne ya riƙe amanar da masu ilimi suka kau da kai daga gare ta, kuma wajibi ne manazarta Hausa su neme shi da girmamawa tun kafin abin da ke hannunsa ya ruɓe.

Da farko dai, sake kallon tsohon fim daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar nan. Tun daga gidan silima na Rex da aka buɗe a Kano a 1937, da Palace da ya biyo baya a 1952, 'yan kallo ba su taɓa ƙyamar fim don ya tsufa ba. Fim ɗin Mother India na 1957 ya shafe shekaru aru-aru ana maimaita shi a gidajen silima na Arewa, kuma mutane suna biyan kuɗinsu su shiga alhali sun san ƙarshen labarin. A ƙananan garuruwa kuwa, majigi ne silimar jama'a. Mota ce za ta zo da inji, a kafa farin ƙyalle a fili bayan faɗuwar rana, a nuna finafinai irin su Baban Larai na 1955, wanda aka shirya don koyar da noman auduga. Da majigi ya ja baya, sai gidajen kallo masu benci da janareta suka maye gurbinsa.

Wannan tarihi yana da wani nauyi na daban a kudancin Kaduna. A Kasuwan Magani da Kachiya da Zonkwa da Kafanchan, Hausa ce harshen ciniki tsakanin Adara da Bajju da Atyap da Hausawa da Fulani. Saboda haka lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka bi shi da Gimbiya Fatima da In Da So Da Ƙauna da Sangaya da Wasila, finafinan ba su tsaya a Kano ba. Sun bi motocin 'yan kasuwa sun shiga garuruwan da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci suke zama a benci ɗaya, su yi dariya lokaci ɗaya, su tsine wa mugun cikin fim da baki ɗaya. Haka kuma aka yi tarayya a kan wasannin talbijin na su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu. A yankin da rikici ya sha raba maƙwabci da maƙwabci, abin da jama'a suka yi tarayya a kansa bai cancanci a bar wa gara ba.

To, amma kaset ba dutse ba ne. Zare ne na roba da aka shafa wa garin maganaɗisu, kuma zafi da laima suna cin wannan shafi a hankali har hoto ya dusashe, sauti ya shaƙe. Damina ta fi nauyi a kudancin Kaduna a kan Kano, don haka fumfuna ta fi saurin kama zaren a nan. Faifan CD da ya gaji kaset shi ma ƙarzuwa kaɗan ta ishe shi ya daina aiki. Bugu da ƙari, kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar kallon kaset, ya daina ƙera ta a 2016. Ke nan ko kaset ya tsira, na'urar da za ta karanta shi tana ƙarewa. Ga kuma wuta. A rikice-rikicen Kasuwan Magani na 2018 an yi asarar rayuka, wadda ita ce babbar asara, an kuma ƙone shaguna da gidaje. Darasin a fili yake: abin da kwafinsa guda ne, a ɗaki guda, dare ɗaya ya ishe shi.

Wanda yake ganin ƙari muke yi, ya dubi abin da ya sami Shehu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru masu yawa ana ɗaukarsa a matsayin ɓatacce, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Idan fim ɗin da aka ɗauko daga littafin Firayim Minista ya kusa salwanta, ina ga wanda samari suka yi karo-karo suka ɗauka da kyamarar biki? Ƙasashen da suka fi mu dukiya ma sun ɗanɗana wannan. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan bebaye na ƙasar sun ɓace. Indiya ta kafa ma'ajiyar finafinanta a Pune a 1964, amma Alam Ara na 1931, fim ɗinta na farko mai magana, ya riga ya tafi.

Masu raina wannan aiki suna da hujjoji biyu. Ta farko, wai finafinan kwaikwayon Indiya ne, rawa da waƙa ne kawai, ba su wakilci al'adar Bahaushe ba. Mun ji, kuma a cikin sukar akwai gaskiya. Sai dai adana abu daban, yaba shi daban. Gidan Arewa da ke Kaduna yana ajiye da takardun Turawan mulki, kuma ba wanda ya ce yin haka goyon bayan mulkin mallaka ne. Fim ɗin da aka ɗauka a 1994 yana ɗauke da karin harshen lokacin, da ɗinkin da ake yayi, da fasalin soro da tsakar gida, da yadda yaro yake gaida babba. Ko mai son ya tabbatar cewa finafinan sun gurɓata al'ada, da me zai kafa hujja idan sun ɓace?

Hujja ta biyu ita ce wai komai yana YouTube. Wannan magana ce ta wanda bai nema ba. Abin da aka ɗora a can kaɗan ne daga abin da aka fitar, sau da yawa an yanke farko ko ƙarshe, an shafe sunayen waɗanda suka yi aikin, an liƙa tallace-tallace a kan hoton. Kuma ranar da aka rufe shafin wanda ya ɗora, shi ke nan. Rumbun da makullinsa yake hannun baƙo ba rumbunka ba ne. Ban da haka, kallo a wayar hannu kallon kaɗaici ne. Tsohon fim ya fi armashi a cikin taro, inda dattijo zai nuna wa yaro cewa wancan ginin an rushe shi, waccan kalmar an daina faɗinta.

Saboda haka muna kira da abubuwa huɗu. Na ɗaya, kowane ɗalibin Hausa da zai tafi hutu Kajuru ko Kachiya ko Kafanchan ya bincika wurin tsofaffin masu ba da hayar kaset da masu gidajen kallo, ya rubuta sunan kowane fim da shekararsa da kamfanin da ya fitar da shi. Na biyu, sassan Hausa na jami'o'i su sayi na'urorin kaset da suka rage a wurin masu gyara, a juye finafinan a kwamfuta, a mayar wa mai kaset kayansa tare da sabon kwafi. Na uku, a nemi izinin masu finafinan ko magadansu, domin satar fasaha ta riga ta cuce su da yawa, kuma a ajiye kwafi a wurare daban-daban, har da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos. Na huɗu, a farfaɗo da majigi: ko da sau ɗaya a zango, a kafa farin ƙyalle a harabar jami'a da filayen garuruwa, a nuna tsohon fim kyauta, a tattauna a kansa.

Wannan aiki bai fi ƙarfin sashe guda ba, kuma kuɗinsa bai kai na walimar yaye ɗalibai ba. Abin da yake da tsada shi ne jinkiri, domin kowace damina tana tafiya da rabonta na kaset, kuma waɗanda suka san tarihin finafinan suna ta raguwa. Samanja ya rasu a 2023, Ƙasimu Yero ya riga shi tun 2017. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.