Ma'aikacin Da Damuwa Ta Kwantar, Wa Ke Zuwa Dubiyarsa?



Idan abokin aiki ya yi haɗari ya karye, kowa ya san abin yi. A haɗa gudummawa, a sayi lemo da ayaba, a cika mota a tafi dubiya, oga ma ya bugo waya ya ce kada ya damu da aiki sai ya warware. Amma idan takardar likitan da ya kawo ta fito daga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, sai ofis ya yi tsit. Ba dubiya, ba waya, sai gulma a bayan ido. Ra'ayinmu shi ne wannan shirun yana tsawaita ciwon, kuma duk ma'aikatar da ta ba mutum hutun jinya saboda ciwon damuwa ko fargaba, wajibinta ne ta haɗa masa da kulawar ƙwararre da tsarin dawowa aiki.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kusan kashi 15 cikin 100 na mutanen da ke shekarun aiki suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma duk shekara duniya tana asarar ranakun aiki kimanin biliyan 12 saboda damuwa da fargaba kaɗai. A shekarar 2022 hukumar ta fitar da ƙa'idoji kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, inda ta ba da shawarar a horar da shugabanni, a sassauta wa mai larura yanayin aiki, kuma a haɗa magani da shirin mayar da shi bakin aikinsa.

To me ya sa hutu kaɗai bai isa ba? Karaya tana ɗoruwa idan an kwanta. Ciwon damuwa kuwa da kaɗaici yake ƙiba. Mutum ya bar ofis, ya rasa dalilin tashi da safe, ya daina ganin mutane, barcinsa ya rikice, sai tunani ya samu fili: ko sun ba wani kujerata, ko za a tsayar da albashina, da wane ido zan kalle su. Kullum aka ƙara kwana, ƙofar ofis tana ƙara yi masa nauyi. Masana sun daɗe da lura cewa gwargwadon tsawon hutun, gwargwadon wahalar dawowar. Ga shi maganin damuwa da likitoci ke rubutawa yakan ɗauki makonni kafin a fara jin amfaninsa, kuma akan ci gaba da shansa watanni bayan an ji sauƙi. Zama da masanin halayyar ɗan Adam shi ma ba na rana ɗaya ba ne, ana yinsa ne mako-mako, ana koya wa mutum yadda zai gane tunanin da ke danne shi, da yadda zai koma harkokinsa kaɗan-kaɗan.

Mu ɗora wannan a kan dokarmu. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci kwanakin aiki 12 ne kacal a shekara na hutun rashin lafiya da albashi, idan likita ya tabbatar. Ke nan kafin magani ya fara aiki sosai, kwanakin sun ƙare. Sauran ya rage ga yarjejeniyar aikin mutum ko tausayin ogansa. Amma akwai dokoki biyu da yawancinmu ba mu sani ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta amince da biyan diyya idan likita ya tabbatar aikin ne ya jawo wa mutum larurar ƙwaƙwalwa. Sannan a watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu larurar wariya, har da a wurin aiki. Dokar da ma'aikaci bai san da ita ba, ba za ta kare shi ba, don haka ƙungiyoyin ƙwadago suna da aiki a gabansu.

Wasu ƙasashen sun yi nisa. A Holan, doka ta wajabta wa mai kamfani ya ci gaba da biyan aƙalla kashi 70 cikin 100 na albashi har tsawon shekara biyu, kuma tun makonnin farko shi da ma'aikacin da likitan ma'aikata za su rubuta tsarin dawowa. A Ingila, tun 2010 takardar likita tana iya cewa mutum zai iya yin aiki idan an rage masa awanni ko an sauya masa nauyi, maimakon zaɓi biyu kawai, lafiya ko kwanciya. Ba mu ce mu kwafo su dungurungum ba, aljihunmu ba ɗaya ba ne. Abin ɗauka shi ne tun ranar da mutum ya tafi hutu ake fara shirin dawowarsa.

Mun san abin da masu kamfanoni za su ce: ciwon da ba a gani da ido, ta yaya za a bambance mai gaskiya da malalaci? Amsar ita ce haɗa hutun da kulawar ƙwararre shi ne babban mai tantancewa, domin wanda yake ganin likita a kai a kai yana da wanda zai shaide shi. Ban da haka, a ƙasar da kalmar "mahaukaci" ke iya hana mutum aure ta hana 'ya'yansa, mutane nawa ne za su ɗora wa kansu wannan suna don su samu hutun sati biyu? Abin da muka fi gani shi ne akasin haka, mutum ya ce taifot ne ko hawan jini, ya ɓoye ainihin ciwon har ya fi ƙarfinsa. Za kuma su ce babu kuɗi. A lissafa abin da ake kashewa wajen neman sabon malami ko akawu ko ma'aikaciyar jinya, a koya masa aiki daga farko, a kwatanta da kuɗin zama kaɗan da ƙwararre.

Ga abin da muke ganin kowace ma'aikata za ta iya, ko makarantar kuɗi ce mai malamai 20. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, wanda mai jinyar ya yarda da shi, ya riƙa tuntuɓarsa a lokacin da suka amince, gaisuwa kawai, ban da tambayar ina fayil kaza. Sunan ciwon ya tsaya tsakanin mai jinya da likitansa, oga ya san abin da mutum zai iya da wanda ba zai iya ba, ya wadatar. A taimaka masa da kuɗin mota da na ganin ƙwararre, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kacal, mafi yawansu a manyan birane, wasu zaman ma ana iya yinsu ta waya. Idan lokacin dawowa ya yi, a fara da rabin yini ko kwana uku a mako, a ɗage masa aikin dare, sannu ba ta hana zuwa. Idan kuwa ofishin ne silar ciwon, kamar oga mai wulaƙanci, ko aikin mutum uku a kan mutum ɗaya, ko albashin da ake riƙewa watanni, to a gyara wannan tukuna, in ba haka ba bayan wata biyu zai sake kawo takarda.

Mu abokan aiki ma da namu. Mu daina cewa "ka cire damuwa a ranka" ko "ƙarancin tawakkali ne", domin waɗannan kalaman ne ke sa mutum ya daina shan magani don kunya. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, mai ciwon suga ma yana haɗa su. Idan muka ji ɗan uwa yana maganar ya gaji da rayuwa, kada mu ɗauka wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Ranar da ya dawo ofis kuma, "sannu da zuwa, mun yi kewarka" ta ishe shi, ba sai an zuba masa ido ba.

Duk wanda yake da abokin aikin da ya kwana biyu ba a gan shi ba, ya daure ya kira shi a wannan makon, in ya ba da dama a je masa dubiya kamar yadda ake zuwa wa kowane mara lafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.