Amanar Bakanike Tana Bukatar Ma'auni

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, mota abokiyar noma ce. Ita ke kwashe raken Makarfi da tumatirin fadamun Ikara zuwa kasuwannin Zariya da Kano, ita kuma ke ɗaukar mai naƙuda daga gari irin Janfalan zuwa asibiti da tsakar dare. Tumatir ba ya jiran gyara, haihuwa ma haka. Garejin kamfani mafi kusa yana manyan birane, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin akasarin masu mota. Saboda haka rayuka da dukiyoyin jama'a suna hannun bakaniken gari, wanda ya koyi sana'a a gindin maigidansa, yake kuma zaman kansa. Ra'ayina shi ne wannan mutum ya cancanci amanar da ake ba shi, amma lokaci ya yi da za a ɗora wannan amana a kan awo da rubutu, domin motar yau ta wuce abin da kunne da ido kaɗai za su iya ganewa.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da matsalar da ke cikin irin wannan hulɗa. A shekarar 1970 wani masani ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a kan kasuwar tsofaffin motoci, inda ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san aibin kaya mai saye bai sani ba, to, kaya masu kyau sukan ƙaurace wa kasuwar, domin ba mai yarda ya biya kuɗinsu. Wannan nazari yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Gyaran mota ya fi haka wuya, domin ko bayan an gama aiki mai mota ba shi da hanyar sanin ko abin da aka canza ya lalace da gaske. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne sanayya. Bakaniken da kuke haɗuwa a masallaci da wurin suna da zaman makoki ya san cewa idan ya cuce ka sau ɗaya, gari duka zai ji.

Kada mai karatu ya ɗauka talauci ne kaɗai ke kai mutum garejin mai zaman kansa. A Jamus da Ingila da Amurka, masu motocin tsere irin su Porsche 911 da dama sukan bar garejin dillali su kai motocinsu wurin ƙwararren da ya shekara yana aiki a kan iri ɗaya, ya san kukan injin kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Hukumomin can ma sun kare wannan 'yanci. Wata dokar Amurka ta 1975 ta hana kamfani soke garantin mota don kawai an yi mata hidima a wani wuri, Tarayyar Turai ta kafa makamanciyar ƙa'ida a 2002, sannan a 2012 jihar Masacusets ta tilasta wa kamfanoni su buɗe wa kanikawa masu zaman kansu bayanan gyara. A nan gida kuwa, tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kanikawanmu ne suka riƙe 504 da 505 a kan hanya shekaru da dama, da taimakon maƙeran Fanteka a Kaduna da 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Wannan tarihi abin yabo ne, kuma da shi ya kamata a fara kowace magana a kansu.

To, amma mota ta canza. Injin 504 kafireto ne ke haɗa masa mai da iska, kuma mai kunne yana iya saita shi da sukundireba. Motocin da suka biyo baya kwamfuta ce ke auna iskar da ta shiga, da zafin injin, da iskar da ta rage a cikin hayaƙi, sannan ta yanke yawan man da za a fesa. Tun daga 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafa da ake jona na'urar bincike, ƙasashen Turai suka bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Galibin motocin Beljiyam da ke kan hanyoyinmu suna da wannan kafa a ƙarƙashin sitiyari. Wanda ba shi da na'urar karanta ta, sai ya koma ga canki-canka, kuma kuɗin mai mota ne ke biyan kowane kuskure.

Bari mu ɗauki misalin da ya fi yaɗuwa, wato cire tamostat. Wannan ƙaramin bawul ne da ke tsare ruwa a cikin injin har sai zafinsa ya kai wajen digiri 82 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyos, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Kanikawa da yawa suna cire shi da zarar mota ta iso, bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Alhali kuwa an ƙera injin ne ya yi aiki a kan wannan zafi ko a wace ƙasa. Idan ya zauna da sanyi, musamman da safiyar hunturu, kwamfuta takan ɗauka bai gama ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara masa fetur. Rarar fetur ɗin ta wanke baƙin man da ke jikin silinda, ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan asara ta zama mai zafi ƙwarai a aljihu. Ainihin abin da ke sa mota zafi yawanci toshewar lagireto ne da gishirin ruwan rijiya, ko mutuwar fanka, ko lalacewar murfin lagireto. Shi wannan murfi yana matse ruwan ne har ya kasa tafasa sai wajen digiri 120, don haka tsumma ko murfin aro ba sa maye gurbinsa.

Haka batun baƙin mai yake. Lambobin da ke jikin galan, kamar 20W-50 ko 5W-30, suna nuna kaurin mai ne: ta farko a lokacin sanyi, ta biyu a zafin digiri 100. Mai kauri ya dace da tsohon injin mai faɗin hanyoyi, amma sabon injin hanyoyinsa ƙanana ne, wasu ma da ƙarfin man suke sarrafa bawul. Idan aka zuba masa mai kauri, yakan yi jinkirin isa saman injin a lokacin tayarwa, daidai lokacin da aka fi samun zaizaya. Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne man birki. Wannan mai yana tsotsar danshi daga iska. Sabon mai na ajin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 4 cikin ɗari, yana iya tafasa a wajen 155. Tururi kuwa yana matsuwa, don haka direban da ya yi lodin rake ya daɗe yana taka birki sai ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canza shi duk bayan shekara biyu, ko da mota ba ta nuna alamar komai ba.

Duk waɗannan darussa na zafi da mai, madafarmu ta riga ta san su. Masu dafa mazarƙwaila a wannan yanki suna tafasa ruwan rake, yana kauri zafinsa yana hawa sama da na ruwa, har ya kai tsakanin digiri 115 da 120, kuma gwani yana gane lokacin saukewa da ɗigo ɗaya a cikin ruwan sanyi. Wannan ɗigo gwaji ne na kimiyya, ko da mai yin sa bai kira shi da wannan suna ba. Jan da tsire ke yi da ƙamshinsa sun samo asali ne daga haɗuwar sukari da sinadaran gina jiki a kan wuta, abin da Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Uwargida kuma ta san cewa man gyaɗan da aka soya ƙosai da shi sau da yawa yakan yi duhu da kumfa, ya fara hayaƙi da wuri. Iska da zafi ne suka lalata shi, kuma su ne ke lalata man injin. Wadda ba za ta yarda ta soya wa baƙinta kaza da irin wannan mai ba, ta fahimci dalilin juye baƙin mai fiye da direbobi da yawa.

Girki yana da wani matsayi kuma a cikin wannan magana, domin da shi ake ɗaure amanar da muka ambata. Wanda ya dafa wa abokansa abinci ya tsaya a matsayin bakanike: su ba su ga abin da ya shiga tukunya ba, sun dai miƙa hannu. Haƙƙinsu a kansa shi ne ya kiyaye abin da ba sa gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani cewa a dafa abinci, musamman nama, har cikinsa ya kai digiri 70, kada kuma a bar dafaffe a sarari fiye da awa biyu, domin ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Shinkafar walima da ta wuni a cikin kula tana huce-huce tana iya kwantar da gida guda. Mai mota da ya gayyaci bakanikensa cin tuwo, ko ya aika wa yaran gareji kwanon ɗanwake, ya yi abin kirki, ya kuma sami damar gaya musu gaskiya guda: wanke hannu da fetur kafin cin abinci, da zuƙo shi da baki ta tiyo, suna shigar da sinadarin benzin cikin jiki, kuma an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Sabulu da ruwa sun wadatar.

Wani zai ce ai sanayya ita ce ke kashe tambaya, domin kunya ba za ta bar ka ka ce wa wanda kuka ci kwano ɗaya ya nuna maka tsohon abin da ya cire ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma maganinta shi ne a mayar da nunawar al'ada, yadda ba wanda zai ji an zarge shi. Mahauci yana ɗora nama a kan sikeli a gaban amininsa, ba a taɓa cewa ya ci mutuncinsa ba. Ya kamata kuma masu mota su karɓi nasu kason na laifi. Mutumin da ya tsaya kai da fata sai an saka masa kayan gyara mafi araha, ya hana bakanike kuɗin aikin da zai ishe shi sayen na'ura, bai kamata ya yi kuka ba idan aka yi masa gyaran ganin ido. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima.

Saboda haka shawarata ta kasu gida uku. Masu mota su ajiye ɗan littafi a cikin mota, a rubuta kwanan wata, da kilomita, da irin man da aka zuba, da abin da aka canza. Kanikawan gari guda, ta hannun ƙungiyarsu ta NATA, su haɗa kuɗi su sayi na'urar bincike da ma'aunin ɗaure noti, su riƙa amfani da su tare. Sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli kuwa, tun da yake ƙasar nan a ƙofarsu take, su riƙa fita garejin Ikara da Makarfi da Hunkuyi da gajerun darussa cikin Hausa a ranakun da ba na kasuwa ba. Malamai za su koyar da karatun na'ura, su kuma dawo da ilimin da ba ya cikin littafi, kamar yadda ƙurar hunturu ke toshe matatar iska da yadda hanyar damina ke karya ƙafar mota.

Bakaniken gari ya riga ya mallaki abin da kuɗi ba ya saye, wato yardar mutanensa. Abin da ya rage masa kaɗan ne, kuma jami'a da masu mota suna da ikon ba shi. Idan aka yi haka, direban da ya ɗauko amfanin gonar shekara guda daga Janfalan zai taka birki a kan hanyar Kano yana da tabbacin cewa motar za ta tsaya.