A Kawo Nunin Zanen Ɗaliban Jami'a Makarantun Firamare

'Yan uwana malamai, ɗaliban fannin zane da ƙira na jami'o'inmu kan baje kolin ayyukansu, a yi gasa, alƙalai su zaɓi waɗanda suka yi fice, sannan a zagaya da su a nuna wa jama'a. Abin yabo ne. Sai dai galibi nunin kan tsaya a manyan zaurukan birane, inda masu kallo su ne waɗanda dama suka san darajar abin. Yaron da ke aji huɗu a ƙauye, wanda daga cikin irinsa za a sami ɗaliban gobe, bai ma san ana yi ba.

Ƙasarmu ba baƙuwar wannan fage ba ce. A shekarar 1958 wasu ɗaliban kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta dage cewa a haɗa dabarun zamani da fasahar gargajiya. Kwalejin ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma har yau ana koyar da zane da sassaƙa da ƙirar yadi da ginin tukwane a can. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tun tana yarinya ta koyi ginin tukunya a gida, kuma wannan jami'ar ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma hannu.

To me muke yi da hannayen da aka damƙa mana? Darasin al'adu da fasahar ƙirƙira yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya, amma shi ake fara yankawa idan jarrabawa ta ƙarato. A makarantu da dama babu takarda, babu fenti, malamin da aka ba darasin kuma ba fanninsa ba ne. Wasu iyaye kuwa na ɗari-ɗari, domin sun ɗauka zane bai wuce suranta mai rai ba. Ya kamata mu tuna musu da zayyanar allo, da aska takwas ta babbar riga, da adon bangon gidajen Zariya, da rinin Ƙofar Mata a Kano. Duk ƙira ce, kuma mutane na cin abinci da ita.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshenmu su rubuta wa sassan zane na jami'o'i da kwalejojin ilimi da ke kusa da mu, su nemi a kawo wani ɓangare na nunin, ko da na kwana biyu ne. Ajin makaranta ɗaya ya isa, mu kuma mu ɗauki nauyin tsaro da kawo yara daga makarantun kewaye. Ɗaliban da suka yi aikin su zo da kansu, yara su tambaye su yadda aka yi.

Kafin amsa ta zo, kada mu ƙara sarayar da lokacin darasin. Yumɓu da gawayi da kara da kaba ba su fi ƙarfinmu ba, kuma da su za mu fara.