Zancen Tabarma: Wadda ta daina zuwa taro

 

Yau zancenmu a kan wadda ta daina zuwa taro ne. Kowace ƙungiya tana da irinta. A da ita ke fara shimfiɗa tabarma, yanzu sati uku ke nan sai dai ta aiko yarinya da zubinta na dala hamsin. Mu kuma mu karɓa, mu rubuta mata tara, mu rufe akwati. Kuɗi sun cika, sai mu ce lafiya lau. Anya kuwa?

Mun san ciki yana son hatsi. To, zuciya ma tana da nata abincin: barci isasshe, wanda zai saurare ta, a ce mata sannu da aiki, ta san asirinta a rufe yake. Ku dubi wadda mai gidanta ya tafi biɗa Libiya ko Abijan, rumbu ya yi ƙasa, daka da ɗibar ruwa da itace duk a kanta, ga bashin ƙungiya yana matsowa. In abin ya daɗe sai barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranta, kai ya yi ta ciwo, ta riƙa faɗa da yara ba dalili. Wannan ba ragwanci ba ne, damuwa ce, kuma tana kayar da mutum kamar masassara. Mai jego ma takan shiga wannan hali bayan an watse daga suna.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ƙarfinmu haɗuwa ce, akwati daga baya yake.

Saboda haka mata biyu su je gidanta, kuma kada su tafi da zancen bashi. A kama mata daka, a zauna, a bari ta yi magana. Kada a yi saurin rufe mata baki da "ki yi haƙuri". Abin da ta faɗa kada ya kai bakin rijiya. In biya ya gagara, ƙungiya ta ɗaga mata lokaci. In rashin barci da kuka sun wuce sati biyu, a raka ta likita. In kuwa ta ce ta gaji da duniya, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta a ranar.

Sati mai zuwa, kafin mu ƙirga kuɗi, mu ƙirga fuskoki. Allah ya bar zumunci.